Gangar Noma a Hawai

Na gaji. Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi ya wuce mini lafiya ba. A tashar Gumel tambaya, a kasuwar Maigatari tambaya. Hatta a wata jana'iza a Gagarawa, ana jiran liman, wani ya matso cikin sahu yana yi mini raɗa, "Ilu, wai da gaske ne matan can ganye suke ɗaurawa?" To ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Aji huɗu na yi a firamare kafin babana ya cire ni ya rataya mini ganga, saboda haka wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Yaran yanzu ba su san sana'ata ba, dole in faɗa. Ni makaɗin gangar noma ne, gadon gidanmu a wani ƙauye na ƙasar Sule Tankarkar. Idan an kira gayya, manoma su jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, ni ina bayansu da ganga. Kowane gwani yana da takensa. Wanda ya yi gaba in kaɗa masa har kansa ya fasu, wanda ya zama kurar baya in yi masa zambo har ya ji gara ƙasa ta tsage ya shige. Da haka ake cinye gonar kwana uku kafin azahar. Sai maganin feshi ya zo, tarakta ta zo, samari suka tafi birni tuƙin a-daidaita-sahu. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya kira ni. Na koma Gumel ina gadin shagon hatsi, ran Alhamis in je Maigatari in riƙe wa dillalai igiyar awaki. Mutanen da babana ya kaɗa wa iyayensu su wuce ni a mota, ko hon babu.

Mutum ɗaya ne bai manta ba, Dakta Nasiru, ɗan marigayi Sarkin Noman garinmu, wanda ke koyar da ilimin ƙasar noma a wata jami'a a Hawai. Ya zo Sallah, ya nemo ni, ya ce in kaɗa masa taken babansa. Na kakkaɓe gangar na ɗan taɓa, ya ɗauka a waya. Bayan wata biyar sai ga kiransa.

"Baba Ilu, mutanen nan duk shekara suna da lokacin kiɗe-kiɗe da bukukuwan al'ada. Bana suna son kiɗan manoma na wasu ƙasashe. Na nuna musu naka, na ce musu duk ƙasar Gumel babu kamarka. Na tsaya maka."

Na ce, "Dakta, ina ne Hawai ɗin? Gaba da Makka?"

Ya ce, "Gaba da ko'ina."

Abin da ban gaya masa ba shi ne, ɗan taɓawar da na yi masa ita ce kaɗai kiɗan da na yi cikin shekarun nan. Yaro ya sa sunansa da mutuncin gidansu a kaina, ni kuwa ban san ko hannuna na nan ba. Amma talaka ba ya cewa a'a ga jirgin sama.

Daga Gumel zuwa Kano direba ya so ya ɗaure gangar a saman mota tare da buhunan riɗi. Na ce sai dai ya ɗaure ni tare da ita. Haka na rungume ta a cinya har Kano, wata hajiya a gefena tana tsaki duk ramin da muka faɗa. A Abuja Dakta ya tarye ni, muka je neman biza. Wata Baturiya ce a bayan gilashi, da tafinta. Ta ce me zai tabbatar mata zan dawo gida. Na ce wa tafinta, "Gaya mata ina da gero a rumbu, kuma ina da ƙani." Tafintan ɗan Kano ne, ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya yi mata bayani mai tsawo. Ta dube ni, ta gyaɗa kai. Da alama ita ma tana da ƙani.

Jirgi uku muka hau. Ba zan ɓata muku lokaci da jirgi ba, mota ce mai sanyi wadda ba a tsayawa a yi fitsari a daji. Abincin kuwa, a 'yan ƙananan mazubai, kamar rabon magani a asibiti. Abin da ya dame ni rana ce. Muna ta tafiya ta ƙi faɗuwa. Na yi la'asar, na jira magariba, na yi barci na farka, rana na nan tsaye a taga tana kallona. Na ce wa Dakta ko dai direban ya ɓata hanya yana zagaye. Ya ce bin ranar muke yi. Na ce to Allah ya san ban ƙi salla ba, ita ce ta ƙi zuwa.

Sai iyakar ƙasa. Mu masu cin kasuwar Maigatari mun san iyaka. Ka gaida na wannan gefe, ka taka ka gaida 'yan duwan, kwastan na wancan gefe, kowa ya san babanka, a tambayi lafiyar iyali. Can kuwa kare ne babban ma'aikaci. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, har da riga, ya zo ya shinshina jakata ya zauna. Zamansa ke nan aka kewaye ni. Aka fito da kilishin da na sayo a Gumel, da goro, da daddawar da matata ta cusa a cikin safa. Wani jami'i ya buɗe daddawar ya shaƙa, ya ja da baya taku biyu. Duka suka karɓe. Sannan suka juyo kan ganga.

Dakta ya ce, "Yana tambaya fatar mece ce."

"Akuya."

"Yana tambaya ko ciwo ne ya kashe ta."

"Gaya masa wuƙa ce ta kashe ta, ran sunan ɗana na biyu, kuma duk wanda ya ci naman yana nan da ransa, ban da waɗanda Allah ya yi wa nasu kiran."

Suka jujjuya ta, suka leƙa, suka bar ni da ita. Karen ya bi kilishina da kallo har aka shige da shi ɗaki.

Da muka sauka a Honolulu, babban birnin Hawai, iskar ta buge ni kamar an buɗe tukunyar dambu, ɗumi da laima. Wata dattijuwa mai farin gashi da doguwar riga mai furanni ta nufo ni da murmushi, ta rataya mini sarƙar furanni a wuya, ta buɗe hannu za ta rungume ni. Na yi baya da sauri, na ci karo da keken kaya, na zauna a kan akwatin wani. Dakta ya yi mata bayani, ta dafa ƙirjinta ta sunkuya, ba ta ji haushi ba. Sunanta Anti Lani. Can duk wanda ya girme ka Anti ne ko Ankul, ko ba ku haɗa komai ba, kamar yadda muke cewa Baba da Inna. Wannan na yaba. Na kai hannu zan cire furannin, Dakta ya riƙe ni. Wai cin fuska ne ka cire a gaban wanda ya sa maka. Haka na ratsa filin jirgi, ƙato da furfura a gemu, da furanni har ciki kamar angon fim ɗin Indiya. Na gode Allah ba ɗan Gumel ko ɗaya a wurin sai Dakta, shi ma na sa ya rantse ba zai ɗauki hoto ba. Ya ɗauka.

A gidan Anti Lani aka sauke ni, a wani kwari bayan gari. Mijinta Ankul Kimo, tsoho ne mai girman ƙofar zaure, kuma masassaƙin ganguna. Tasu gangar da kututturen kwakwa ake yin ta, a rufe da fatar wani kifin teku mai cin mutane. Ya karɓi tawa da hannu biyu, ya shafa ta, ya kara kunne. Ba ya jin Hausa, ba na jin Turanci, amma daga riƙon da ya yi mata na san ɗan sana'a ne. Ba a shiga ɗakinsu da takalmi, wannan ma na yaba.

Abinci ne dai. Babban abincinsu gwaza ce, a dafa a kirɓa ta zama kamar kunun da ya kwana, launin toka-toka, da ɗan tsami, a lakata da yatsa. Ba miya, ba yaji, ba sukari. Na ce wa Dakta ko an manta da mahaɗin ne, ya ce haka take. Ɗanyen kifi kuma suna cinsa da gangan, ba don itace ya ƙare ba. Alade kuwa rami suke haƙa masa su binne da duwatsu masu zafi, sai na ce madalla, sun san inda ya dace da shi, ashe tono shi za su yi su ci. Amma in faɗi gaskiya, Anti Lani tukunya daban ta ware mini, sabuwa, tana dafa mini shinkafa da gasasshen kifi. Ko a dangina ba kowa zai yi mini haka ba.

Sai kaji. Jama'a, kaji ko'ina, a bakin titi, a gaban banki, a wurin ajiye motoci, zakaru jajaye masu ƙyalli. Na tambaya na wane ne, aka ce ba na kowa ba. Na sake tambaya, don na ɗauka Dakta bai fassara daidai ba. Ba na kowa ba! A Maigatari kaza ta ƙetare katanga sai an kai magana gaban mai unguwa. Washegari da hantsi na yi wa wani zakara tarko da kwando da 'yar shinkafa, na yi bisimilla na yanka. Ankul Kimo ya fito ya gan ni ina fige shi, ya zauna a kan dakali yana dariya har hawaye. Awa uku zakaran yana kan wuta. Da na kai baki, wallahi tayar babur ta fi shi taushi. A nan na gane dalilin da ya sa ba mai su.

An ba ni wata takarda mai ɗauke da jerin wasannin da za a yi, wata guda cur, yau a nan gobe a can. Sunana na can ƙasa, ran Asabar da yamma. Kafin nan aka kai ni kallon guda biyu. Suna da wata 'yar garaya mai tsirkiya huɗu, ƙato ya rungume ta kamar jariri yana kaɗawa. Akwai maza masu gemu da ke rera waƙa da siririyar murya, in ka rufe ido ka rantse budurwa ce. Mai tambayar jana'iza, ga amsarka: wasu na ɗaura ganye, amma a kan tufafi, kuma rabin masu rawar sun haifi uwarka. Rawar ma ba ta banza ba ce, kowane motsin hannu magana ce, wannan ruwan sama, wannan dutse, wannan wani sarki da ya mutu tuntuni. Kafin a fara wani ya tsaya ya jero asalin mutane kaka da kakanni ba numfashi. Maroƙa ne sak, sai dai ba sa bin ka har mota.

Abin da ya tayar mini da hankali masu kallo ne. Ɗaruruwan mutane a zaune, shiru kamar ana huɗuba. Ba guɗa, ba kirari, ba mai tashi ya taka. Sai an gama su tafa, su sake yin shiru.

Ran Alhamis aka ce in zo gwaji a gaban masu shirya bikin. Na ɗaga gula na buga, sai na ji buf, kamar ana dukan katifa. Laimar garin ta shiga fatar ta saki. Wannan mai sauƙi ne, Ankul Kimo ya hura wuta da ɓawon kwakwa a bayan ɗakin taron, muka gasa ta a hankali har ta dawo da muryarta. Na koma na hau dandamali. Mutum kamar talatin a kan kujeru, kowa ya harɗe ƙafa yana murmushi.

Na fara. Na buga taken buɗe gona. Daga nan sai a bi gwanin da ya yi gaba, to wa ya yi gaba? Na duba, ba kowa. Ba mai sunkuyo, ba fartanya da ke tashi da sauka in ɗora kiɗan a kanta, ba rago in zaga. Ban taɓa lura ba sai ran nan, ashe ba ni ke ba manoma kiɗa ba ni kaɗai, su ma suna ba ni. Hannuna ya yi nauyi. Na buga nan, na buga can, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Ko minti uku ban yi ba na tsaya. Suka tafa. Da sun jefe ni da takalmi da ya fi mini sauƙi.

A mota, da muka yi nisa, Dakta ya dube ni.

"Baba Ilu, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Ka taɓa ganin an yi wa kujera kiɗan noma?"

"Shugaban kwamitin bikin bai zo yau ba, gobe za su gaya masa. Sun ce idan ba za ka iya ba, ba komai, sai a nuna hoton da na ɗauka a waya a babban allo, a ajiye gangar a kan tebur mutane su gani."

A kan tebur. Gangar babana, da ɗan kati a gabanta, ni kuma a gefe da furanni a wuya. Na ce, "Dakta, na ba ka kunya." Ya ce, "Haba Baba," amma bai ce a'a ba.

Ran Juma'a da sassafe Ankul Kimo ya buga mini ƙofa, ya nuna motarsa ta ɗaukar kaya. Dakta ya ce gonar gwaza za a je, mutanen unguwa na taruwa aikin gayya, sai mu wuce masallaci daga can. Na ce gayya? Ya ce eh, su ma suna yi. Gangar na cikin motar, tsohon ya naɗe ta a bargo don kada ta sake shan laima.

Gonar fadama ce, fala-fala kamar ta shinkafa, ruwa na gudana a ciki, taɓo har gwiwa. Mutum ashirin da wani abu a ciki, maza da mata, suna cire ciyawa. Na tsaya a kan gaɓa ina kallo, raina ya ɓaci. Wannan ya cire ciyawa ɗaya ya miƙe ya yi hira. Wancan ya ɗaga wa abokinsa taɓo a ɗauke shi hoto. Wata ta tsaya tana nuna wa wata kifi. Gayya ce ko zaman makoki? Ni ban san lokacin da na je mota ba. Na ji dai igiyar ganga a kafaɗata.

Na buga taken buɗe gona, duk suka ɗago. Na daka musu tsawa da Hausa, na nuna musu su jeru. Abin mamaki suka jeru, suna dariya. Na sake bugawa, suka sunkuya. Can na hango wata 'yar tsohuwa, ƙarama kamar tsintsiya, jikar Japanawan da suka zo aikin rake tun da, hannunta na tafiya kamar na mai tsince wake. Na ce yauwa, ga gwanata. Nan take na ƙirƙira mata take, na bi bayanta a kan gaɓa ina yi mata kirari, "Ƙaramar fartanya mai cinye gona! Tsohuwa ta wuce, samari ku nemi zane!" Ba ta jin ko kalma, amma ta san da ita nake. Ta ƙara wuta. Wasu ƙarti biyu suka ga tsohuwa za ta ba su kunya, suka bi ta. Taɓo ya fara tashi sama. Hannuna kuwa, wanda ya mutu jiya, sai ga shi yana gudu ina bin sa.

Kowace gayya da kurar bayanta. Tasu wani ne mai yagaggen gajeren wando da malafa, ɗan kimanin shekara sittin, ya cire ciyawa biyu ya miƙe ya dafa ƙugu. Na koma kansa na tsaya. Na sauya kiɗa zuwa na ragwaye, mai jan ƙafa, na buɗe murya:

"Mai malafa ya zo duba gona!
Gwaza ta yi 'ya'ya ta yi jikoki, yana nan inda aka dasa shi.
Ku kawo masa kujera, ku kawo mafici,
In an gama a aika a gaya masa."

Kowa ya juyo yana kallonsa, don kiɗan kansa ya faɗi abin da ake nufi. Na ga Dakta yana yi mini alama da hannu daga nesa kamar mai korar kaji, na ɗauka cewa yake in ƙara. Na ƙara. Na sa matarsa a ciki, na ce ita ke noma shi ke riƙe mata takalmi. Mutumin ya kira Dakta da yatsa, ya ce a fassara masa. Dakta ya zo, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa, ya ce mini a hankali, "Baba Ilu, ka kashe mu. Shugaban kwamitin ke nan."

To ni ina zan sani? A garinmu shugaban kwamiti ko na rijiya ne, da babbar riga zai zo, a shimfiɗa masa darduma a inuwa. Wa ya taɓa ganin babban mutum da yagaggen wando a cikin taɓo?

Mutumin ya nace, Dakta ya fassara masa duka, har da takalmin. Na ga jama'a na toshe baki. Ya dube ni ya yi magana.

Dakta ya ce, "Yana tambaya me zai yi ka ƙyale shi."

Na riga na mutu, me ya rage? Na ce, "Gaya masa ya wuce tsohuwar can."

Ya cire malafar ya jefa gaɓa, ya tofa yawu a hannu, ya sunkuya. Na bi shi da kiɗa. Wallahi ya yi ƙoƙari. Ya wuce mutum huɗu, ya kusa kama ƙartin nan, sai ƙafarsa ta maƙale ya tafi da fuska cikin taɓo, tsamo-tsamo. Aka ɗago shi ba a ganin komai sai haƙora, dariya yake yi. Aikin da suka ce na yini ne, kafin ƙarfe goma sha ɗaya an gama, har an shiga fala ta gaba. Da zai tafi ya riƙe hannuna da nasa mai taɓo, ya ce a gaya mini gobe zai kawo mini manomana.

Wasan Asabar a fili aka yi shi, wani lambu mai ciyawa shimfiɗe kamar darduma, wadda aka ce mutum guda aka ɗauka aikinsa kawai ya yi mata aski. Shirin shi ne mutanen jiya su jeru a gaban dandamali da fartanyoyin da aka sayo a kanti, su riƙa kwaikwayon noma, ba tare da sun taɓa ƙasa ba. An gaya musu, an gaya mini, na ce to.

Amma gangar noma ba ta san wasa ba. Minti biyu suka yi suna noman iska. Da na juya taken tsohuwa, sai na ji kaf, ta kafta wa ciyawar. Shugaban kwamiti na gefenta, ya ga za a sake yi masa ta jiya, shi ma ya kafta. Shi ke nan. Na sauko daga dandamali na bi bayansu. Mutanen da ke zaune shiru suka miƙe, wata mata ta saki wani ihu da ya yi kama da guɗa, masu 'yan garayu suka shigo cikin kiɗan ba wanda ya gayyace su. Can na ga Dakta ya tuɓe babbar rigarsa ya karɓi fartanyar wani. Shekara ashirin da biyar rabonsa da ita, kuma ta nuna. Ɗan Sarkin Noma guda shi ne kurar baya a gaban duniya, ni kuwa ban raga masa ba, na ce biro ya cinye masa hannu. Yana noma yana dariya yana share ido da kafaɗa. Kafin a tsayar da mu an yi kunya goma sha biyu masu kyau, da an zuba gero da ya fito. Mai askin ciyawa ya zo ya tsaya a kai ya riƙe kansa da hannu biyu. Ran Lahadi mu duka muka koma muka taya shi dasa ta, shugaban kwamiti na tura baro.

Dawowa ba labari, jirgi ne dai da rana mai saurin faɗuwa. Sun aiko wa Dakta jerin wasannin baɗi, sun ce suna so in koma, amma wannan karon a gona za a yi.

Na iso gida ana maimai, noma na biyu. Na je ƙauyenmu na sami tsofaffin gwanayen da a gindin dalbejiya suna sauraron rediyo, kowa na jiran ɗansa ya aiko da maganin feshi. Suka ce in ba su labari. Na ce labari ɗaya ne, na ga tsohuwa 'yar shekara saba'in da ta fi ku duka, kuma da za a kawo ta nan sai ku ɗaura zane. Malam Tanko, wanda a da ba a shan gabansa, ya ce ƙarya nake. Na ce gonar marayun Audu na nan ciyawa ta cinye, gobe da safe zan je da ganga, wanda ya isa ya zo.

Mutum tara suka zo, ba wanda bai haura hamsin ba. Muka gama kafin azahar. Malam Tanko ne ya yi gaba, kuma kwana shida bai iya miƙewa ba, sai da aka riƙa gasa masa baya. A rana ta uku matarsa ta yi takakkiya har Gumel, ta same ni a bakin shagon hatsi, ta zage ni tas a gaban jama'a, ta ce ni da gangata mun zama annoba, in na kashe mata miji sai na riƙe 'ya'yan. Na bar ta ta gama, na sayo mata ruwan sanyi, na sa ta a mota. Shekara goma sha ɗaya rabon da wata ta zage ni a kan ganga.